Faifan Biki Ya Karce: Yadda Nake Ceto Abin da Ke Ciki

Ranar wata Asabar cikin hunturun da ya wuce, irin sanyin Jos ɗin nan da ke sa mutum ya yi alwalar asuba haƙora na haɗuwa, wata dattijuwa ta shigo shagona a nan Titin Bauchi, jikarta na biye da ita. Bayan mun gaisa sai ta kwance bakin mayafinta ta ciro faifan DVD guda, tsirara, ba gida ba leda, ta ajiye a kan tebur.

"Ɗana, an ce kai ne mai gyaran kaset. Bikin babbar 'yata ne, tun 2009. Akwai wurin da mahaifinta ya yi mata nasiha daren da za a kai ta. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Muryarsa babu ita ko'ina sai a cikin abin nan."

"Allah ya jiƙansa da rahama, Mama. Wa yake goge shi?"

Jikar ta sunkuyar da kai. Ashe duk lokacin da faifan ya cije, sai ta ciro shi, ta hura masa iska, ta murje shi da gefen hijabinta zagaye-zagaye. Ban ga laifinta ba, haka kowa ya taso ya ga ana yi. Amma rabin karcen da ke jikin faifan nan hijabin ne ya yi shi.

Tun zamanin kaset mai zare nake wannan harka. Na ga shigowar VCD, na ga DVD ta ture ta, na kuma ga waya ta ture su gaba ɗaya. Yau abincina yana wajen tura fina-finai da sayar da caja, amma da wuya mako ya wuce ba a kawo mini tsohon faifai ba: na biki, na suna, na walimar sauka, na tafsirin wani malami da ba a taɓa sa shi a intanet ba. Abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne, faifan da ya karce ba ya komawa sabo. Buƙatarmu kawai mu lallaɓa shi ya yarda a karanta shi sau ɗaya tak, mu kwashe abin da ke ciki. Duk dabarar da zan faɗa a nan, wannan karatu ɗayan take yi wa hidima.

Ka fara sanin inda bayanan suke

Mutane da yawa sun ɗauka fuskar nan ta ƙasa mai ƙyalli ita ce ke ɗauke da waƙar ko fim ɗin, don haka suke ji da ita, su kuma kifa faifan a kan bayansa duk inda suka samu. A CD, abin ba haka yake ba. Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da shi a 1982, faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, kuma kusan duk kaurin nan farar roba ce garau wadda babu komai a cikinta. Bayanan suna can sama, an lulluɓe su da alminiyom wanda bai kai ledar burodi kauri ba, aka shafa masa ɗan banish, aka buga rubutu a kai. Hasken leza, wato siririn hasken da idon inji ke karanta faifai da shi, yana shiga ta ƙasa ne, ya ratsa robar, ya daki alminiyom ɗin ya dawo.

Ka ɗauka takarda ce aka manna a bayan gilashin taga, kana karanta ta daga waje. In gilashin ya karce, karatu zai yi maka wuya, amma rubutun yana nan daram. In kuwa aka kankare takardar ta baya, magana ta ƙare. Saboda haka karcen ƙasa yana da magani, na saman CD ba shi da shi.

Da kuɗina na koyi wannan. Wajen 2006 wani bawan Allah ya zo daga Bukuru da CD na hotunan aikin hajjinsa. Mai hoton ya manna masa takarda a sama, takardar ta kumbura ta fara ɗagowa, ni kuma cikin ƙwazo na ce bari in cire masa ita in gyara. Ina ja, sai ga takardar ta taho da azurfar baki ɗaya, na ɗaga faifan ina hango fuskar mutumin ta cikinsa. Bai zage ni ba, "Allah ya sa haka ya fi alheri" kawai ya ce ya fita, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar ban ƙara ɓare takarda daga kan CD ba, ban kuma yarda yarona ya yi rubutu a kai da biro ba, don tsinin biro yana huda banish ɗin. Alƙalamin maka mai laushin baki ake amfani da shi.

DVD, wanda ya shigo kasuwa a 1996, gininsa daban ne. Faifai biyu ne masu kaurin milimita 0.6 kowanne aka manna su, bayanan suna tsakiya kamar nama a cikin samosa. Don haka karcen sama ba ya yi masa komai. Sai dai layukansa sun fi na CD matsuwa fiye da ninki biyu, shi ya sa yake ɗaukar gigabait 4.7 alhali CD megabait 700 ne iyakarsa, shi ya sa kuma ƙaramin karcen da CD zai shanye ya wuce, DVD sai ya tsaya yana in'ina. Shi kuwa Blu-ray, irin faya-fayan gem na PS3 da PS4 da PS5, bayanansa milimita 0.1 kacal suke daga fuskar ƙasa, an kuma shafa masa wani rufi mai tauri. Samarin gidan gem ku ji da kyau: wannan wanki kawai ake yi masa. Duk abin da zan faɗa a gaba na makilin da samfefa, ba da shi nake ba.

Saura abu guda. Bayanan a jere suke a kan layi ɗaya da ya nannaɗe kamar igiyar faifan kaba, ya faro daga tsakiya ya nufi baki, saɓanin faifan garmaho da ke farawa daga waje. A CD tsawon layin ya haura kilomita 5. Waɗanda suka ƙera shi sun san zai karce, sai suka warwatsa bayanan suka haɗa da na gyaran kuskure, ta yadda in an rasa kamar milimita 2.5 a jere a kan layin, na'urar za ta iya cike gurbin da kanta. Karcen da ya tashi daga tsakiya ya miƙe zuwa baki, tsallake kowane layi yake yi, ya ɗan ɗebi kaɗan ya wuce, na'urar ta cike. Wanda ya bi zagaye kuwa, kwanciya yake yi a kan layi ɗaya ya cinye mai tsawo. Wannan shi ne aikin da hijabin yarinyar nan ya yi shekara da shekaru.

Duba kafin taɓawa

Kafin ka zargi faifai, gwada wani mai lafiya a injin. Sau da yawa idon injin ne ya sha ƙurar hunturu, ko ya tsufa ya daina ganin faifan bugun shago. A kwanakin tsananin sanyi kuma, in ka shigo da inji daga mota ko daga waje zuwa ɗaki mai ɗumi, idon yakan yi raɓa. Ba shi rabin awa ya huce.

In laifin faifan ne, kunna fitilar waya ka sa ta bayansa, ka duba daga ɗaya fuskar a wuri mai ɗan duhu. In ka ga haske yana tsiyayowa ta 'yan huje-huje kamar taurari, ko ta wani dogon zane, alminiyom ɗin ya tafi a wurin, kuma babu gugar da za ta dawo da shi. Wata dabarar ga CD: karkata fuskar ƙasa a gaban haske ka kalli karcen da kyau. In ka gan shi biyu, shi da inuwarsa, to a ƙasa yake, inuwar madubin ciki ce ke nuna ta. In guda ɗaya ka gani, a kan madubin kansa yake, ta sama ya shigo.

Sannan ka tambayi mai shi inda yake tsayawa. In inji ya ƙi ɗaukarsa sam, duba zoben ciki kusa da rami, don a nan jadawalin abin da ke faifan yake. In farkon fim ne, matsalar na kusa da tsakiya. In sai an kusa ƙarshe, duba wajen baki. Ba sai ka wahalar da kanka kan duk karcen da ido ya gani ba, galibi ɗaya ne ko biyu ke da laifin. Ka bi kansu da farce a hankali: wanda farce ya wuce sumul, mai sauƙi ne, wanda farce ya maƙale a ciki, shi ne mai zurfi.

Akwai kuma cutar da ba karce ba ce. Faifan kamfani ƙasansa fari ne kamar azurfa, matsa shi aka yi a inji. Wanda masu bidiyon biki ke saya fanko su ɗora aiki a kai, ƙasansa yakan yi shuɗi ko kore-kore in CD ne, ruwan makuba in DVD ne, don wani rini ne a ciki da leza ke ƙonawa. Rinin nan rana da zafi suna kashe shi. In ka ga launin ya koɗe, ko ya yi dabbare-dabbare, ko wani baƙi-baƙi yana cin sa daga baki, kada ka ɓata makilin ɗinka. Maza ka kai shi kwamfuta ka kwashi abin da ya rage.

Tsagewa ma haka. In ka ga tsaga ta taso daga ramin tsakiya, ko da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ka yi hattara. Na'urorin kwamfuta masu rubutun 52x suna juya faifai sama da sau dubu goma a minti ɗaya, kuma faifai mai tsaga yana iya tarwatsewa a ciki ya haɗa da na'urar. Irin wannan sai an rage gudu sosai ake karanta shi.

Wanki

Kusan rabin faya-fayan da ake kawo mini da sunan karce, datti ne kawai: maiƙon hannu, miyar da yaro ya shafa, zoɓon da ya bushe. Kada ka sa tsumma a busasshen faifai, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙurar da ke kwanta a kai yashi ce mai laushi, in ka murza ta da riga, samfefa ka yi masa da hannunka.

Riƙe shi ta baki da rami, ka zuba masa ruwa ya kwashe ƙurar tukuna. Ni ruwan leda nake amfani da shi, don ruwan rijiyar unguwarmu yana zuwa da tsakuwa-tsakuwa. Kada ka sa ruwan zafi ko da sanyi na cin hannunka. Mai ɗan ɗumi ya isa. Ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke ɗigo ɗaya, ka shafa da tafin yatsa daga rami zuwa baki, daga rami zuwa baki, har ka zagaye shi. Omo bai dace ba, ƙwayoyinsa ba sa narkewa duka. Ɗauraye, ka yarfe ruwan, ka tsane shi da ƙyallen goge tabarau ko tsohuwar singileti ta auduga wadda ta sha wanki. Tishu yana barin zane, bar ganin laushinsa. In faifan mai takarda ne a sama, kada ka jiƙa saman, ka tsaya a ƙasa. Jingina shi ya bushe sarai kafin ka sa a inji, ka kuma lura da DVD, don ruwa yakan maƙale a tsakanin ɓarin biyu ta wajen ramin.

In akwai danƙo ko gam da sabulu ya kasa, ɗan sipirit na kemis a auduga zai ɗauke shi. Fetur, kananzir, tina, da ruwan goge jan farce kuwa, ko kusa. Na ƙarshen nan musamman, narka robar yake yi, nan take ta yi fari fat kamar idon da ya yi yana.

Daga wanki, kwamfuta za ka nufa kai tsaye, kafin kowace irin guga. Dalili kuwa, guga ɗiba take yi daga jikin faifai, abin da ta ɗiba ba ya dawowa, kuma wani lokaci garin gyaran gira ake rasa ido. Kwashe duk abin da ya yarda ya fito yanzu, ka ajiye. In gugar ta ɓata, kana da na hannu.

Makilin

To, ga abin da kowa ya ji labari amma kaɗan ne suka iya. Makilin yana aiki ne don akwai ɗan gari mai laushi a cikinsa da ke goge haƙori. Ba cike karcen yake yi ba. Bakin karce kaifi gare shi, kaifin ne ke watsa hasken leza ya hana shi dawowa daidai, shi kuma makilin dasashe bakin yake yi har haske ya samu hanya. Don haka farin makilin na gargajiya ake nema. Ja ko shuɗin nan mai kama da jeli bai dace ba, mai ƙwayoyi a ciki kuma ci yake yi fiye da kima.

Shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur mai santsi, ka kwantar da faifan fuskar ƙyalli tana sama. Teburin ya zama shafaffe, don in akwai ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi, kana danna CD za ta huda saman, ka gyara gaba ka kashe baya. Matsa makilin kamar ƙwayar gyaɗa a kan karcen da ka gano. Jiƙa yatsa ko ɗan ƙyallen auduga, ka riƙa gogawa gajere-gajere, a miƙe, daga wajen rami zuwa wajen baki. Ko karcen zagaye ya bi, kai a miƙe za ka tsallaka shi. Nauyin hannun kada ya wuce yadda za ka shafa wa jariri mai. In ka ji ya fara bushewa yana kama yatsa, ɗiga ruwa. Minti biyu zuwa uku, ka ɗauraye, ka tsane, ka gwada.

Kada gabanka ya faɗi in ka ga wurin ya yi hazo-hazo da 'yan siraran zane. Kyan gani ba shi muke nema ba, kuma siraran zanen da suka miƙe daga tsakiya na'ura ba ta damu da su ba. Na sha ganin faifai ya fito daga hannuna ya fi dā muni a ido, amma ya karantu tsaf. In bai yi ba a karon farko, maimaita. Ni nakan tsaya a karo na uku, in makilin bai yi a uku ba, ba zai yi a goma ba.

Daga nan sai basilin. Shi cikewa yake yi: yana shiga ramin karcen, kuma haske yana ratsa shi kusan yadda yake ratsa robar, sai karcen ya kusa ɓacewa a idon leza. Shafa ɗan kaɗan a wurin, ka danna shi ya shiga, sannan ka goge da ƙyalle mai tsabta daga tsakiya zuwa baki, ka yi ta gogewa har sai ka rantse babu saura. Wanda ya maƙale a cikin ramin shi ne mai aikin. In ka bar maiƙo a fuska, faifan na juyawa zai fesa shi a idon na'urar. Wannan magani na awa ɗaya ne, zafin inji ma yana narka shi, don haka kwamfuta tana kunne tana jira kafin ka shafa. Kakin goge mota yana yin irin wannan aiki.

Ga karcen da farce ke maƙalewa, akwai Brasso, man nan da masu kaki ke goge bel da anini da shi. Ya fi makilin ci, ana kuma shafa shi a miƙe kamar dai makilin, a bar shi ya ɗan bushe, a goge, a wanke da sabulu. Yi shi a waje saboda wari, kuma ka fara gwadawa a kan faifan da ba ka so. Na ƙarshe shi ne samfefar ruwa ta masu fentin mota, mai lamba 2000, a bi da 3000, ana yi ana zuba ruwa, sannan a dawo da ƙyallin da man folish ɗinsu. Gaskiya ba na ba wa mai koyo shawarar wannan a kan faifan da babu kwafinsa a duniya. Ni kaina sai na kwashe duk abin da zai kwasu, na faɗa wa mai shi cewa ko a samu ko a rasa, ya ce ya ji ya gani, sannan nake ɗauko samfefa. Akwai injina na musamman da ke fere fuskar faifai su mayar da ita sumul, aikinsu kuma ya fi na hannu nesa ba kusa ba, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin shago irin nawa a zamanin da faifai ya zama tarihi.

Sauran abubuwan da ake yaɗawa, ɓawon ayaba, lemon kwalba, sa faifai a firiza, tafasa shi, ko gasa shi a kan kyandir wai karcen ya narke ya haɗe: na farkon maiƙo ne kawai da basilin ya fi shi, sauran kuwa gyaran gangar Auzinawa ne. Faifan da zafi ya lanƙwasa ba ya miƙewa.

Kwashewa

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan mutane suka fi gajen haƙuri. In ka ja fayil ka jefa yadda aka saba, Windows tana isa wurin da ya lalace za ta tsaya ta ce ta kasa, ta watsar da duk abin da ta kwaso. Akwai manhajojin da aka yi don wannan matsala. Unstoppable Copier kyauta ce, tana tsallake wurin da ya ƙi ta ci gaba. IsoBuster ta fi ta zurfi, tana ma iya ganin abin da ke cikin faifan da Windows ke cewa fanko ne, irin wanda mai kyamara ya ɗora wa aiki bai rufe shi ba, sai dai wasu ayyukanta na kuɗi ne. Faifan waƙa ko na karatu irin wanda rediyon mota ke ɗauka, Exact Audio Copy ce daidai da shi, tana maimaita karanta wuri ɗaya har sai ta gamsu.

Ni dai ga DVD da CD na fayiloli, wata manhaja mai suna ddrescue nake amfani da ita a wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburina, mai aiki da Linux a maimakon Windows. Abin da nake rubutawa ke nan:

ddrescue -b 2048 -r 3 /dev/sr0 biki.iso biki.map

A layin nan, /dev/sr0 sunan na'urar faifan ne, biki.iso kuma fayil ɗin da za a zuba kwafin faifan gaba ɗaya a ciki. Tana fara kwashe wuraren da ke lafiya, sannan ta dawo kan masu ciwo tana bin su kaɗan-kaɗan. Fayil na ƙarshen nan, biki.map, shi ne abin da ya sa nake ƙaunarta: yana riƙe lissafin inda aka samu da inda ya rage. In an ɗauke wuta, aka dawo da ita, ka sake rubuta layin, daga inda ta tsaya za ta ɗora. Haka kuma kana iya cire faifan, ka yi masa makilin, ka mayar, ta nemi guntun da ya rage kaɗai. Kana ma iya canja na'ura.

Canja na'urar nan kada ka raina shi. Ido ya fi ido. Ina da na'urori huɗu da na tsinto a wurin masu gyaran kwamfuta, kuma na sha ganin wurin da uku suka kasa, ta huɗun ta karanta shi ba gardama. A abin da na gani, manyan nan na tsohuwar kwamfutar tebur sun fi siraran laftof haƙuri. In laftof ɗinka sabuwa ce marar wurin faifai, ana sayar da na'urar da ake jonawa ta USB a shagunan kwamfuta na Ahmadu Bello Way da kewayen Terminus.

In da hannu za ka kwasa, a DVD nemi jakar VIDEO_TS, ka ɗauke ta gaba ɗaya. Manyan fayilolin da ke ƙarewa da VOB su ne bidiyon. A VCD jakar MPEGAV ce, fayilolin masu ƙarewa da DAT. Manhajar kallon bidiyo ta VLC tana buɗe dukkansu. VCD an rage masa kariyar gyaran kuskure don a samu wurin cusa bidiyo, shi ya sa hotonsa ke saurin farfashewa gida-gida, shi ya sa kuma IsoBuster ta fi dacewa da shi. Bayan ka samu, manhajar HandBrake za ta mayar maka da shi MP4 wanda kowace waya ke ɗauka, amma ka ajiye na asalin, kada ka goge.

Wani tarko da ke kama mutane: filash da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Cikakken DVD a fayil ɗaya, irin biki.iso, ya wuce haka, sai ka ga filash mai gigabait 32 yana cewa babu wuri. Mayar da shi tsarin exFAT, wanda ba shi da wannan iyaka, bayan ka kwashe abin da ke kansa. Sannan filash ɗaya ba ma'aji ba ne, shi ma mutuwa yake yi ba sallama. A sa a wuri biyu ko uku. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta. In ta WhatsApp za a tura wa 'yan uwa, a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za ta matse hoton ya dushe.

Faifan kansa a nema masa gida na roba, a jera shi a tsaye kamar littafi, nesa da taga da saman talabijin. Ledojin nan masu laushi da ake sayar da fim a ciki suna manne wa fuska in sun daɗe, jakar zif mai aljihu-aljihu kuma tana tara ƙura ta riƙa gurzar faifai duk shiga da fita.

Faifan Mama kwana uku ya yi a wurina. Wanki da karatun farko sun fito da mafi yawansa. Wata baka ce mai tsawon ɗan yatsa can wajen baki ta ƙi, na yi mata makilin sau biyu, na canja na'ura, na ƙare da basilin a daren na uku, ddrescue tana ta nuƙu-nuƙu a kan janareto. Abin da ya ɓace bai kai minti ɗaya ba, a wajen kamu, inda 'yan mata ke rawa hoton ya daskare ya yi tsalle. Nasihar tana nan cif.

Da suka dawo na ba ta kujera, na sa mata abin ji a kunne, na kai mata daidai wurin. Ga dattijo zaune a kan darduma da farar hula, amarya a gabansa an lulluɓe ta, yana magana ƙasa-ƙasa, injin janareton gidan yana ƙara a bayansa. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba, sannan ta cire abin kunnen ta miƙa wa jikar.

"Ɗana, sa mini a memori uku. Ɗaya nawa, ɗaya na Kaduna, ɗaya na wadda ke Gombe."

Na sa mata. Na ɗauko gidan faifai na roba na saka tsohon a ciki na ba ta. Ta jujjuya shi, ta buɗe ta rufe, sannan ta naɗe shi duka da gidan a bakin mayafinta ta ƙulle.